Asu a cikin akwati: wa ke cin tufafin, kuma me ke kashe shi da gaske?

Maman Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Tunda sanyi ya wuce kowa na shirin ninke kayan sanyi, ina da tambaya kan asu. Me ya sa za a haɗa kwat da suwaita da atamfa a akwati ɗaya, har da kafur a ciki, amma ranar buɗewa a tarar kwat ɗin duk huji, atamfar kuwa ko ƙwarzane babu? Kuma me ya kamata a yi kafin a rufe akwatin?

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Ai rabin amsar na cikin tambayar taki, Maman Ummi. Asu ba kowane zare yake ci ba. Abincinsa abin da ya fito daga jikin dabba ne: ulu, gashi, gashin tsuntsu, fatar da ba a jeme ba, sai siliki in ya yi dauɗa. Ulu da gashi da ƙaho da farce duk sinadari ɗaya ya gina su, wato keratin, kuma halittu ƙalilan ne cikinsu ke iya narkar da shi. Asu na daga cikinsu. Atamfa auduga ce, cikinsa ba ya narkar da ita.

Na biyu, kuma nan ne mutane ke barin jaki suna dukan taiki: ɗan abin nan mai fukafukai da ake gani yana tashi ba ya cin komai. Bakinsa ma bai ginu don ci ba. Aikinsa barbara da ƙwai, sai mutuwa. Tsutsarsa ce ɓarauniyar. Macen tana zuba ƙwai kamar 40 zuwa 50 cikin mako biyu zuwa uku, tana manna su a jikin zaren. In da ɗumi, ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kwana 4 zuwa 10. Tsutsar fara ce mai kai ruwan ƙasa, in ta girma ta kan kai kusan santimita ɗaya. In ta samu abinci mai kyau da ɗumi da laima, wata ɗaya da 'yan kwanaki ya ishe ta ta gama girma. In yanayi bai yi mata ba, ba mutuwa take ba, sai ta ja abin har shekara biyu tana ci a hankali.

Ɗan Jos: Malam, to waɗanda ke taruwa jikin ƙwan fitila da dare fa? Su ne?

Baban Walid: Ba su ba ne. Asun tufafi gudun haske yake. Tsawonsa milimita 6 zuwa 8, kamar ƙwayar shinkafa, launinsa kamar busasshiyar ciyawa mai ɗan sheƙi, da ɗan tukkun gashi ja-ja a ka. In aka ɗaga kaya sai a ga ya ruga da ƙafa yana neman lungu. Masu tashin ma galibi maza ne, matan sun fi tafiya da ɗan tsalle. Shi ya sa tafa hannu a kashe wanda ke tashi ihu ne bayan hari.

Mai Wanki da Guga: Bari in ƙara kan na Baban Walid. Ku duba inda hujin ke fitowa a jikin kwat ko suwaita: ƙeyar wuya, hammata, bakin hannu, gaban riga inda miya ko shayi ya ɗiga, cikin aljihu, da tsakanin ƙafafun wando. Ba haɗuwa ce kawai ba. Ulu tsantsa mai tsabta ba ya ƙosar da tsutsar, tana bukatar gishiri da sinadaran da ke cikin gumi da maiƙo da fitsari da ragowar abinci. Kuma ba ta shan ruwa, daga abin da take ci take samun laima. Saboda haka rigar da aka sa sau ɗaya tak ranar biki aka ce “ai ba ta yi datti ba” aka ninke, ita ce ta fi shiga haɗari. Gumi ba ya nunawa a ido, amma yana nan.

Ka'idata ita ce kada a ajiye abin ulu na tsawon watanni sai an wanke. Wankin inji na kamfanin wanki, wanda ake yi da sinadari ba ruwa ba, yana kashe ƙwai da tsutsa duka. Kwat dai can ya kamata ta je.

Hajiya Mai Kayan Lefe: Ni fa ban yarda da cewa asu ba ya cin auduga ba. Shadda nawa ake fitowa da ita daga akwati da huji? Leshi ma haka. Ko shaddar ma daga jikin tunkiya ta fito?

Baban Walid: Hajiya, hujin gaskiya ne, mai laifin ne daban. Shadda ana sa mata sitati, kuma sitati abinci ne ga wasu. Akwai kyankyaso, akwai gyare, akwai wani ɗan ƙwaro siriri mai launin azurfa da ke sulɓewa kamar kifi in an ɗaga tsofaffin takardu, shi ma sitati da gam da takarda yake bi. Sai uwa uba gara. Kowanne da sa hannunsa:

Asu yana barin farin saƙa kamar yanar gizo a manne da yadin, wani lokaci kamar ɗan bututu, da kashinsa ƙanana kamar yashi masu launin rigar da ya ci. Sau da yawa kiwo yake a saman yadin, wurin ya yi sanƙo kafin ya huje.

Kyankyaso yana barin baƙin kashi da wari, kuma wurin tabon abinci yake gwaguya. Mai launin azurfar kankare saman yadi yake, ya bar ɗan rawayan tabo. Gara kuwa ba ta ɓuya, da ƙasarta take zuwa, kuma ta ƙasan akwati take farawa.

Inda zan ba ki gaskiya: in shaddar tana manne da abin ulu, ko ta jiƙe da gumi da maiƙo, tsutsar asu na iya huda ta ta wuce, ko ta yanki zarenta ta yi gida. Amma ba za ta rayu a kanta kaɗai ba. Haka yadin da aka gauraya ulu da roba, shi kam tana ci, ta narkar da ulun ta kasayar da robar.

Hajiya Mai Kayan Lefe: To na ji. Kenan shaddar da za ta daɗe a ajiye gara a bar ta ba sitati?

Mai Wanki da Guga: Haka ne Hajiya. A wanke, ta bushe sarai, a ninke. Sitati da bugu sai an tashi sawa.

Malam Tela: Akwai abin da ya kamata a fara da shi kafin duk wannan wahalar, wato a san wane kaya ne ma ke cikin haɗari. Yawancin barguna masu laushi da suwaitocin da ke kasuwa yanzu roba ce, ko da mai sayarwa ya kira su ulu. Zaren saƙar da mata ke yin hular jarirai da shi ma ulu ake ce masa, alhali mafi yawansa roba ne. Asu ba ruwansa da su.

Gwajin ba wuya. A zaro zare biyu ko uku daga cikin kalmasa, inda ba a gani, a riƙe da hantsaki a kusanta shi da ashana. Ulu da siliki suna ƙauri kamar gashin kan rago a babbaka, wutar ta mutu da kanta, ya bar baƙin gawayi da ke murmushewa tsakanin yatsu. Auduga tana ci da sauri da ƙaurin takarda, tokarta mai laushi. Roba narkewa take, ta dunƙule ta yi tauri kamar dutsen ado. A yi wannan kusa da kwanon ruwa, kuma narkakkiyar roba tana ƙuna, kada a taɓa sai ta huce.

Abubuwan da ake mantawa da su: jar dara, alkyabbar mulufi, darduma ta ulu, aikin tsamiya ko alharini a jikin babbar riga, mafici da takalmin gashin jimina, da kayan adon doki da ake fitowa da su daga salla sai salla. Sannan kwat mai kyau, ko da yadin wajenta gauraye ne, ƙarƙashin kwalarta akan sa wani yadi na dunƙulallen ulu, ƙirjinta kuma akwai shafi mai gashin dabba a ciki. Shi ya sa in za a duba kwat a fara ɗaga kwala.

Maman Ummi: Allah ya saka. Amma har yanzu ba wanda ya taɓa maganar kafur ɗin. Iyayenmu da shi suka dogara.

Baban Walid: Kafur yana aiki, amma ba yadda ake amfani da shi ba. Fararen ƙwallayen nan ba warinsu ke kora ba, tururin da suke fitarwa ne guba. Sai ya taru ya yi kauri a wuri rufaffe ruf na kwanaki da yawa kafin ya kashe tsutsa. Ƙwallo biyu ko uku a cikin sif da ake buɗewa safe da yamma wari kawai suke ba kaya, tsutsar na ci gaba da kiwonta. Akwatin da zif ɗinsa ya lalace ko adudu mai ƙofofi ma haka. Wani kuskuren shi ne zuba shi a ƙasan akwati. Tururinsa ya fi iska nauyi, ƙasa yake yi, saboda haka a sama ake sa shi, a cikin ƙyalle ko takarda don kada ya taɓa yadin.

Iri biyu ne a kasuwa, a karanta jikin ledar: wani an rubuta naphthalene, wato naftalin, wani paradichlorobenzene. Na biyun yana tausasa wasu robobi, maɓalli ko marataya ta roba na iya narkewa ta manne da riga. Kuma duka biyun ba su ne kafur na asali da ake samu daga itace ba, suna ne kawai suka ara.

Anti Nas: Don Allah a tsaya a nan, wannan ya fi hujin riga muhimmanci. Kada a sa kafur a kayan jarirai, ko kayan da mai ciki ta tara tana jiran haihuwa, ko zanin goyo. Akwai yanayin da ake gada a jini, ƙarancin sinadarin G6PD, ya yawaita a ƙasashenmu kuma ya fi bayyana ga 'ya'ya maza. Mai shi lafiyarsa lau, iyaye ba su ma san yana da shi ba. In naftalin ya shiga jikinsa ta numfashi ko ta fata, jajayen ƙwayoyin jininsa sai su riƙa fashewa. Ga jariri wannan na kawo shawara mai tsanani, ido da jiki su yi rawaya, in ta yi yawa ta taɓa ƙwaƙwalwa. Likitocin yara a Najeriya sun daɗe suna gargaɗi kan wannan. Tarayyar Turai ta hana sayar da ƙwallayen naftalin tun 2008.

Kuma wanki ɗaya ba lallai ya fitar da shi ba, don ba ya narkewa sosai a ruwa. In dai ana jin warin, yana nan. A shanya a iska kwana da kwanaki, a sake wankewa. Ga yara masu rarrafe kuma ƙwallon kamar alewa yake. In yaro ya haɗiya, asibiti kai tsaye, kada a ɗura masa manja ko madara, maiƙo ƙara shigar da shi jiki yake.

Hajiya Mai Kayan Lefe: Innalillahi. Manja kuwa shi ake fara nema. To Anti, kayan jariran ai auduga ne da roba, asu ma ba ya cin su.

Anti Nas: Kin gani ko, Hajiya. Garin neman gira a rasa ido.

Ɗan Jos: Hanya mafi tsabta ita ce firiza. A sa kayan a leda, a matse iskar, a ɗaure, a jefa ciki. Ba guba, ba wari, ba ya ɓata launi.

Baban Walid: A littafi haka ne, kuma gidajen adana kayan tarihi suna yi. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Ana bukatar sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, ba yankewa. Kwana uku shi ne mafi ƙarancin da ake faɗa, masu taka-tsantsan kuma mako biyu suke bari, don ƙwai ya fi tsutsa juriya kuma tsakiyar kaya mai kauri ba ya saurin yin sanyi. To firizar da ake ɗauke wa wuta rabin yini, ana buɗe ta ana ɗibar ƙanƙara, yaushe za ta riƙe wannan? Sanyin da bai kai ba kwantar da tsutsa kawai yake, ta farfaɗo daga baya. Mai sola ko tsayayyiyar wuta ya yi. In an fito da kayan, a bar su cikin ledar a rufe kwana ɗaya, don raɓar ta taru a bayan leda ba a jikin yadin ba.

Ga mafi yawanmu, zafi ya fi sauƙi, kuma kyauta ne. Digiri 50 na minti 30 yana kashe ƙwai da tsutsa da uwar. Muna cikin watannin da inuwa ma kan kai digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi. Ga yadda ake yi:

A naɗe kayan da tsohon zanin auduga, a sa cikin baƙar leda babba, a rage iskar a ɗaure baki. Kada a cusa da yawa, ƙunshin ya zama shimfiɗaɗɗe, kaurinsa kada ya wuce tafin hannu. A ɗora a kan katako ko kwali a tsakiyar rana, ba a kan siminti mai inuwa ba. Daga ƙarfe 11 zuwa 4 na yamma, a juya shi sau ɗaya a tsakiya. In da farar leda a rufa a sama da ɗan tazara, zafin zai fi taruwa. Mota da aka rufe gilasanta a rana ma tana yin aikin.

Inda ake faɗuwa: waje ya yi zafi kamar wuta amma tsakiya bai kai ba, tsutsar ta gudu can ta fake. Mai ma'aunin zafi na kicin ya soka shi tsakiyar ƙunshin, ya fara lissafi daga lokacin da ya nuna 55, ya ba shi awa ɗaya zuwa biyu. Zanin audugar kuma shi ke shanye gumin da ke taruwa cikin ledar, in babu shi jan launi na iya zuba a kan fari.

Ɗan Jos: A nan Jos da Mambila ranar ba kullum take kai wa haka ba, ga laima. Shi ya sa abin ya fi damun mu.

Baban Walid: Gaskiya ne, yanayinku ya fi masa daɗi. Ɗumi wajen digiri 24 da laima kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari shi ne abin da ya fi so. Ku dogara da motar ko dutsen guga.

Mai Wanki da Guga: Guga na kashewa, amma a kan ulu sai an shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyallen auduga a sama, in ba haka ba yadin ya yi ƙyalli ko ya ƙone. A bi kan ɗinki da kalmasa da cikin aljihu a hankali, a juya rigar a bi ta ciki. Batun ruwan zafi kuma a yi hattara. Digiri 50 zuwa 60 na rabin awa yana gamawa da su, kuma auduga na ɗauka. Amma suwaitar ulu in ta haɗu da ruwan zafi da cuɗa sai ta dunƙule ta shige, ta babba ta koma ta yaro, kuma ba ta dawowa. Ita a wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mai laushi, ba murɗawa, a shimfiɗa ta bushe a kwance, sannan a yi mata na baƙar leda.

Baduku: Duk kun manta da buzu, kuma shi ne asu ya fi ɓatawa a ɗakunan malamai. Alamarsa, in aka shafa sai gashin ya biyo hannu tuli-tuli, don tsutsar daga gindin gashi take yankewa, sama yana nan kamar lafiya. Fatar da aka jeme da bagaruwa sosai, irin ta jaka da takalmi, ba kasafai yake taɓa ta ba. Amma buzun da aka shanya kawai ba a kankare kitse da ragowar nama ba, wannan gayyata ce, kuma ba asu kaɗai ba. Akwai baƙin ƙwaron nan da ke cin kirgi da busasshen kifi, tsutsarsa mai gashi, shi har fatar yake hudawa.

Ban goyi bayan baƙar leda ga buzu ba. Zafi tare da laima na sa fata ta ƙanƙance ta yi tauri ta tsage. A fitar da shi rana da safe, a kaɗe da sanda ta baya, a taje gashin har gindi da buroshi mai ƙarfi, a maimaita duk mako har sau huɗu. In ya yi tsanani, sanyi ya fi masa. Kuma buzun da ake zama a kai kullum ba ya samun asu kamar wanda aka naɗe aka jefa saman sif.

Baban Walid: Wannan magana ta ƙarshe ta Baduku ta shafi kowane kaya. Tsutsar ba ta son haske da motsi. Shanya ta sa ta saki ta faɗo, amma ƙwan a manne yake, kaɗawa kaɗai ba ta cire shi, buroshi ne ke fasa shi. A juya kaya masu launi ta ciki kafin shanya, rana na kashe ja da shuɗi.

Hajiya Mai Kayan Lefe: Ganyen darbejiya da kanumfari fa? Kada ku ce min su ma ba komai.

Baban Walid: Ba zan ce haka ba, Hajiya. Darbejiya na da sinadarin da ke hana ƙwari da yawa cin abinci, kuma tana iya rage sha'awar macen ta yi ƙwai a wurin. Amma ba ta kashe ƙwan da ya riga ya shiga, kuma ƙarfinta na gushewa cikin watanni. Mai gadi ce, ba likita ba. In za a sa, ganyen ya bushe ƙamas a inuwa, a ƙulle shi a ƙyalle. Ɗanye ko mai laima zai kawo funfuna ya bar tabo. Kanumfari ma a ƙyalle, mansa na ɓata farin yadi.

Sabon Shiga: Ku daina wahala. Fiya-fiya a fesa cikin sif a rufe, magana ta ƙare. Ko ƙwayar da ake sa wa buhun wake.

Anti Nas: A'a ɗan'uwa, don Allah kada wani ya gwada. Fiya-fiya yana shiga ta fata, kuma riga a jikin fata take kwana. Ƙwayar buhun hatsi kuwa iskar guba take fitarwa in ta sha laima, kuma ta sha hallaka mutane a ɗakin kwana. Ba ta da wurin zama a gidan da ake barci.

Malam Tela: In dole sai an yi feshi, sif ɗin ake yi wa ba kayan ba. A kwashe komai, a ciro durowa, a share kusurwoyi da ramukan da ake soka maƙalan katako, don can ƙura da gashi ke taruwa, kuma wannan kaɗai ya ishi tsutsa. A goge da ruwan sabulu, a fesa maganin ƙwarin gida mai permethrin a tsagogi, a bari ya bushe ya sha iska. Masu kyanwa su fitar da ita, wannan maganin na yi mata illa sosai.

Yaya Hauwa daga Ingila: A nan abin ya fi ƙarfi a kafet, don da yawa na ulu ne, kuma ɗumama gida ya sa suna hayayyafa har cikin hunturu. Ɓarnar tana ƙarƙashin gado da kujera da gefen bango, inda injin shara ba ya kaiwa. Duk wanda ya yi shara da injin ya zubar da abin da ya tara a waje nan take, in ba haka ba cikin injin ya zama gidansu.

Ana sayar da tarko mai gam da ƙamshin mace. Maza kaɗai yake kamawa, saboda haka amfaninsa ya nuna ko akwai asu da kuma wane ɗaki, ba ya gama da su. A kula, tarkon asun hatsi daban ne da na tufafi, ɗaya ba ya kama ɗaya. A 2021 ƙungiyar National Trust mai kula da wuraren tarihi a nan Ingila ta gwada sakin wasu 'yan mitsi-mitsin zanzaro, tsawonsu kamar rabin milimita, a gidan tarihi na Blickling da ke Norfolk. Su kan yi ƙwai cikin ƙwan asu su kashe shi.

Maman Ummi: Ikon Allah. To wasu abubuwa da ake gani manne a bango ko suna jan jiki, kamar ƙwayar guna mai launin toka, su ma dangin ne?

Baban Walid: Dangi ne. Akwai asun da tsutsarsa ke ɗinka wa kanta kube tana yawo da shi, tana leƙo kai ta kowane ɓangare. Na bangon nan mai faɗi ya fi cin yanar gizo da gashi da matattun ƙwari, share yanar gizo da tsintsiya ke rage shi. Mai siririn kube kamar ƙwayar shinkafa shi ne mai cin tufafi, kuma da zaren rigar yake ginin. Wani masanin Faransa, Réaumur, tun ƙarni na 18 ya lura cewa in aka canja wa tsutsar yadi mai wani launi, kuben kan fito da launi-launi, don tsaga shi take ta sa ƙari in ta yi ƙiba. Malam Tela, abokiyar sana'arka ce.

Malam Tela: Ita ke kawo mana aiki ma.

Baduku: In an yi duk wannan abin yana dawowa, a leƙa silin. Sheƙar tantabara ko ta wasu tsuntsaye, mushen ɓera bayan an sa guba, gashin da aka taje aka tura lungu, duk nan suke zama su sauko. Kayan gwanjo ma, kwat da suwaita musamman, kada su shiga sif sai sun bi ta wanki ko rana.

Maman Ummi: Saura wurin ajiya. Akwatin ƙarfe, na roba, ko jaka?

Mai Wanki da Guga: Duk wanda ke rufuwa ruf. Robar ajiya mai murfi da ke kamawa, ko leda mai zif, ko akwatin ƙarfe da aka bi bakinsa da salatif. Kwali da jakar Ghana-must-go ba sa hanawa, sabuwar tsutsa ba ta wuce milimita ɗaya ba, ta ramin ɗinki take shiga. Sharaɗi shi ne kayan su bushe sarai, kuma a rufe su tun kafin ruwa ya sauka. Abin da aka rufe cikin leda a watan Agusta ya rufu da laimarsa, sai a tsere wa asu a faɗa hannun funfuna. A ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara. Buzu da kayan fata kada su daɗe a leda, jakar auduga mai ƙaramin saƙa da aka ɗaure bakinta ta fi musu.

Baban Walid: Abin da ba a rufe ruf ba kuma, kamar darduma da alkyabbar da ke rataye, a duba shi sau ɗaya a wata tun daga Yuni har Oktoba. A ɗumi zagayensu daga ƙwai zuwa uwa na iya kammala cikin wata biyu, dubawar wata-wata na riskar su kafin su sake zuba ƙwai.

Hajiya Mai Kayan Lefe: Wanda ya riga ya huje fa, Malam Tela, akwai gyara?

Malam Tela: Akwai, amma sai an kashe abin tukuna. Ƙaramin huji a kwat, a zaro zare daga cikin kalmasar wandon ko rigar kanta don launi ya zo ɗaya, a saƙa tsaye da kwance ta baya da siririyar allura. In bai wuce kan ashana ba, ɗan shafi mai gam ta ciki da guga ya isa. Suwaita kuwa a kama idanun saƙar da ke gefen hujin kafin a wanke ta, in ba haka ba wankin zai warware su. Kuma a ɗaga rigar a hasken taga a duba kewayen hujin, inda ya yi shara-shara ma an ci, a haɗa da shi cikin ɗinkin.